Igiyar Awon Dandamali

Daga gida

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kuma kana cin abinci irin na mutane, ba shayi da burodi safe da yamma ba kamar wanda ba a yi wa tarbiyya ba. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Gwiwata ta dama tana nan da halinta, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. 'Yarka ta fitar da haƙora biyu na ƙasa, har ta gwada su a yatsana. Direban kamfaninku ya ce jibi zai koma wajen madatsar ruwan da kayan aiki, shi ya sa na zauna rubutu yau, tunda ka zaɓi aiki a inda waya ba ta shiga.

Labarin gari shi ne, bana garinmu yake cika shekara ɗari da kafuwa, kuma an tsai da shawarar yin biki a filin makarantar firamare kafin hutu ya ƙare. Aikin duk na sa kai ne, ba mai biyan kowa. An kafa kwamiti, aka ba tsohon hedimasta shugabanci. Ka san shi, ya iya buɗe taro, ya iya rufe shi, abin da ke tsakani ne yake ba shi wahala. Zama bayan zama suna gardama a kan launin fentin da za a shafa wa katanga, katangar kuwa ko ciyawar gindinta ba a cire ba.

Sai matarka ta tsoma kanta. An ce malamai su ba da wakili tunda suna hutu, kowa ya duƙar da kai yana duba takalminsa, ita ta ɗaga hannu. Tun daga ranar ba ta zauna ba. Ba ta kiran taro. Mutum take bi har inda yake sana'arsa, ta gaishe shi, ta tambayi iyalinsa, sannan ta roƙe shi abu ɗaya tak, wanda ta san ya iya, kuma zai ji kunyar cewa a'a. Matan layinmu sun share filin, sun kwashe duwatsun da ke sa yara tuntuɓe. Mai gyaran rediyo ya ce lasifika tana wuyansa. Har mai kantin magani, wanda ban taɓa ganin ya ba wani ruwan sha kyauta ba, ya ce zai ba da aron bencinansa, kuma wai yana murmushi ya faɗa. Ban san me take gaya musu ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne dandamali. Ana so a yi wanda tsofaffin gari za su zauna a kai, ƙarfe a ƙasa, katako a sama. Ka san kafinta ɗaya muke da shi na kirki, mai walda ma ɗaya, bango ne ya raba shagunansu, kuma rabonsu da gaisawa tun kana sakandare, lokacin da tartsatsin walda ya cinye rumfar kafinta. Kafinta ya ce da gangan ne, mai walda ya ce wa ya aike shi tara tarkacen katako a jikin bangonsa. Limami ya shiga maganar, ya fita. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya shiga, ya dawo gida da ciwon kai. Ga shi kuma kafinta da inci yake awo, mai walda da santimita, kowa ya rantse ba zai taɓa tef ɗin ɗayan ba.

Ka san abin da yarinyar nan ta yi? Igiyar shanyata ta kwance, ba ta ko tambaye ni ba. Sai ta je wajen mai walda ya nuna mata tsawon ƙarfe, ta ƙulla igiyar a daidai wurin, ta zagaya shagon kafinta ta ce ga tsawon, shi kuma ya yanka katako a kan ƙulli. Haka take kai da komo tsakanin ƙofa biyu da igiya a wuya, kamar wadda akuyarta ta ɓata. Jiya na bi ta layin, na ga ƙafafun dandamalin a jere a ƙofar mai walda, na ga alluna a jingine a ƙofar kafinta, na tsaya kallo har wani mai keke ya kusa ture ni.

Ni kuwa an bar ni da yarinya a baya da gwiwa ɗaya. Abincin rana sai la'asar ta kawo jiki. Wankina a kan katanga nake shanya shi kamar baƙuwa. Za ta dawo da yamma ƙafa duk laka, murya a dishe, ta durƙusa ta gaishe ni, kafin in gama amsawa wani ya yi sallama a ƙofa yana nemanta. Ban san irin matar da ka auro mana ba. Ni dai tun da nake ban ga irinta ba.

Ka ji abin da ake ciki a gidanka. Ka riƙe salla, ka guji abokan banza, ka daina kwana da jiƙaƙƙiyar safa a ƙafa, na san halinka.

Mahaifiyarka

Daga wajen madatsar ruwa

Inna,

Wa alaikumus salam. Barka da gida, yaya gwiwa? Allah ya ƙara sauƙi. Ina lafiya, sai ruwan sama da ya sa mu a gaba. Kogin ya fara cika, mun ɗauke na'urar awo daga bakin gaɓa mun mai da ita kan tudu. Abinci kuwa ina ci, akwai wani dattijo da yake dafa mana, sai dai hannunsa yana son gishiri. Na ji daɗin labarin haƙora, a shafa mini kan 'yata.

Inna, na karanta takardarki na sake karantawa, ranar ban iya cin abinci ba. Ban san abin ya kai haka ba. Ke da ya kamata a ce kina hutawa, ke ce da goyo, ke ce da jiran abinci har la'asar, har igiyar shanyarki an kwance ba a tambaye ki ba. Da na zo inda kika ce ba ki san irin matar da na auro ba, sai kunya ta rufe ni. Na san ki, ba kya kai ƙara sai abu ya kai maƙura. Laifina ne, ni na tafi na bar gida ba tsari.

Ki yi haƙuri, ki yafe mata. Ba ta da mugun nufi, son taimako ne yake yi mata yawa. Na rubuta mata ita ma, direba zai ba ta tata tare da taki. Na gaya mata an takura miki, na ce daga ranar da takardar ta same ta ta ajiye aikin kwamiti, ta mayar miki da igiyarki, ta zauna a gida ta yi duk abin da kika sa ta. Garin da ya yi shekara ɗari ba da ita ba, ba zai rushe don ta zauna ba. Kafinta da mai walda kuma manya ne, su ji da kansu.

Na so in zo bikin, amma shugaban aikinmu ya ce ba mai tafiya sai ruwa ya ja baya. Direba ma yana cewa idan aka ƙara ruwa irin na makon nan, ƙaramar gadar da ke kan hanyarmu ba za ta ɗauki mota ba. Idan kika ji shiru, hanya ce, ba ni ba.

A gaida mutanen layi. A sa ni a addu'a.

Ɗanki

Daga gida

Ɗana,

Sallama. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi, yarinya tana rarrafe har tsakar gida. Na gama gaisuwa, don ba ita ta zaunar da ni ba.

Kai da ake biyanka don ka auna tudu da kwari, takarda shafi biyu ce ta gagare ka aunawa? Wa ya kai maka ƙara? Nuna mini layin da na ce a hana ta. Tun haihuwarka har ka yi gemu kana tare da ni, yaushe ka taɓa ganin na ɓata tawada a kan mutumin banza? Malalaci layi ɗaya yake samu a wurina, shi ma don in ce Allah ya shirya. Amma ka ɗauki alƙalami ka yanke mata hukunci daga bakin kogi. Namiji ba ya yanke hukunci a gidansa da jin gefe ɗaya, ko da gefen na uwarsa ne. Ka riƙe wannan.

Ga abin da takardarka ta haifar. A tsaye ta karanta ta a tsakar gida, ta ninke, ta shiga ɗaki. Da ta fito sai ta ɗaura mini igiyata a inda take, ƙulle-ƙullen duk suna jiki, ta karɓi yarinya daga bayana, ta ce, “Inna, ki yi haƙuri, ban san na takura miki ba.” Ban amsa ba, don ban saba yi wa yara bayani ba, kuma na ɗauka zuwa safiya za ta huce. Ashe ba fushi ta yi ba balle ta huce. Ta aika wa tsohon hedimasta cewa uzuri ya taso mata a gida. Yanzu kafin azahar abinci ya sauka. An wanke labule, an goge tagogi, an jera tukwane manya da ƙanana kamar za a sayar. Ba mai sallama a ƙofa. Gidan ya yi tsaf kamar asibiti, kuma haka nake jin sa.

A gari kuwa kwamiti ya koma zama, maganar fenti ta dawo sabuwa. Mai kantin magani ya aiko a tambaya ko har yanzu ana bukatar bencinan. Dandamali ya tsaya a rabi, saura ƙarafan da za su gitta da matakala, ba mai kai awo.

Na ce ba zan bari a ce daga gidanmu abin ya lalace ba. Na kwance igiyar da hannuna, na ɗauki sandata, na nufi layin masu sana'a. A raina na ce aikin da yarinya take yi ba zai gagari wadda ta haifi mijinta ba.

Da kafinta na fara. Ya karɓe ni da mutunci, ya kakkaɓe mini garin katako daga kujera, ya nuna mini inda zan ƙulla. Sannan ya ce in gaya wa wancan mai ƙona dukiyar mutane cewa ƙarfen gefen hagu ya karkace kamar halinsa, ya gyara shi kafin a ɗora katakon mutunci a kai. Ka san ni, saƙo amana ne, ba na ƙari, ba na ragi. Na zagaya na tarar da mai walda da baƙin tabarau a goshi, na gaishe shi, na faɗa masa kamar yadda aka faɗa mini, ko kalma ɗaya ba ta faɗi a hanya ba.

Ya kashe injinsa. Ya dube ni ya ce, “Inna, shi ya faɗi haka?” Na ce shi ya faɗa. Ya ce shi duk kwanakin nan abin da ake kawo masa daga shagon can shi ne, kafinta yana gaisuwa, ya ce a ɗan duba gefen kaza idan an sami sarari. Ya ce ashe haka ake zagin sa a bayan bango, shi kuma yana nan yana zuba aiki kyauta. Ya ba ni nasa saƙon, wanda ba zan sa shi a takardar da za ta shiga hannun ɗana ba, amma na kai, tunda na karɓa. Kafin in iso gida mai walda ya ja ƙarafansa ciki ya rufe ƙofa, kafinta kuma ya ce allunan nan tebur zai yi wa wani da su.

Ka rubuto mata yanzu ka janye maganarka. Kada ka tsaya yi mini dogon ban haƙuri, ba ni ce mai bukatarsa ba.

Mahaifiyarka

Daga gida

Ɗana,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Yarinya ta yi ɗan zazzaɓin haƙori, ya sauka. Ina fata ruwa bai yi muku ɓarna ba. An ce gadar ta tafi jim kaɗan bayan wucewar direbanku, ban ma sani ba ko takardata ta baya ta same ka ko tana nan a aljihun motarsa. Wannan wani mai babur zan ba, ya ce yana bi ta zagaye. Biki kuwa mako mai zuwa ne.

Na jira amsarka har na ga jira ba zai gina dandamali ba. Tsohon hedimasta ya zo har gida, yana juya hula a hannu, ya ce ko tsofaffi su zauna a tabarma a ƙasa. Tsofaffin da wasunsu in sun kai ƙasa sai mutum biyu sun taru kafin a tashe su. Matarka ta kawo masa ruwa, ta gaishe shi, ta koma ciki.

Na yi ta juya abin da mai walda ya faɗa. Da farko na ce yarinyar nan ƙarya take shirgawa tsakanin manya, har na yi niyyar yi mata faɗa. Da na zauna na duba sai na rasa inda ƙaryar take. Idan ƙarfe ya karkace, ta faɗa. Awo bai taɓa sauyawa a hannunta ba. Maganar gaisuwa kuma na bincika wajen kafinta, ya ce kullum in za ta fita sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Baba, in ce kana gaisuwa?” Shi kuma don ya rabu da ita sai ya ce ta ce abin da ta ga dama. Tsintar shinkafa take yi, ta zubar da tsakuwa a hanya, ta kai abin da zai dafu. Ni kuwa tsakuwar na kwasa na kai wa mutum har cikin shagonsa. Wannan aiki ne, kuma ba a koyar da shi a makarantar da na yi.

Shekaranjiya da hantsi na same ta a ɗakinta tana ninke kayan yarinya. Ka san ban cika shiga ɗakin ba. Ta miƙe da sauri, na ce ta zauna. Na ajiye igiyar a kan gado. Ta dube ta, ta ce an ce ta zauna a gida. Na ce an kuma ce ta yi duk abin da na sa ta, ga shi a rubuce a tawa takardar, to ni ce nake aiken ta layin masu sana'a, mai magana ya zo ya same ni. Ta bar igiyar inda na ajiye ta. Can ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, “Ba hanin ne ya fi yi mini ciwo ba, Inna. Na ɗauka kina jin daɗin abin da nake yi. Kullum in na dawo, fuskarki nake fara dubawa.”

Ka ga inda ka jefa ni. Fuskata ka san ta, ba ta ba da labari. Kuma ban taɓa yabon mutum a gaban idonsa ba, don yabo yana lalata yaro, kai shaida ne. Na tsaya a tsakiyar ɗakin surukata da sanda a hannu kamar ɗalibar da aka tayar a aji. Na ce, “Ki saurara, don sau ɗaya zan faɗa. Alfahari na yi da ke a takardar nan, mijinki ne bai iya karatu ba. Aikin da kike yi na gwada, na ɓata. Garin nan ba shi da kamarki, gidan nan ma haka.”

Ta rufe fuska da rigar yarinyar da take ninkewa. Na ba ta lokaci, na duba silin, akwai ma inda yake yoyo, sai ka zo. Da ta sauke rigar sai ta tambaye ni me na gaya wa mai walda. Na faɗa mata duka, har da amsarsa. Ta ɗora hannu biyu a ka, tana dariya hawaye yana zuba, ta ce, “Inna, har da ‘kamar halinsa’?” Na ce har da shi, ai amana ce. Ta ɗaura mini yarinya a baya, ta ɗauki igiya, ta fita.

Ban san yadda za ta yi ba, don yanzu kowannensu ya san abin da ake faɗa a bayan bango. Abincin rana yau ma sai la'asar. Na ci shi da daɗi.

Mahaifiyarka

Daga wajen madatsar ruwa

Inna,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya gwiwa, yaya yarinya? Ina lafiya. Gada ta karye, abinci ma da kwalekwale ake hayo mana da shi. Ta nan takardarki ta zo jiya, wadda kika ba da labarin zuwanki wajen mai walda. Gefe ɗaya ya jiƙe, amma faɗan duk ya fito.

Kin ce kada in yi dogon ban haƙuri, ba zan yi ba. Na ɗauko takardarki ta farko na sake karantawa, wannan karon da muryarki a kunnena, sai na ji ta daban. Na tuna ranar da na zo na ɗaya a aji, na kawo miki sakamako da gudu, kika duba kika ce, “Wanda ya saba zuwa na ɗayan ba shi da lafiya ne?” Da yamma kuma na ji ki ta katanga kina karanta wa maƙwabciya makin darasi bayan darasi. Ni ne ya kamata in gane kafin kowa. Nisa ne, Inna. Mutum in yana nesa, kullum yana jiran ya ji abin da ya lalace a bayansa.

Ga takarda nan na sa wa matata a ciki. Na janye maganata gaba ɗaya, na kuma roƙe ta gafara da kalmomin da ba zan maimaita a gabanki ba. Tsorona kada ta iso bayan komai ya wuce. Idan tsofaffin garinmu suka zauna a ƙasa ranar bikin, ni na zaunar da su. Ki gaya mini gaskiya yadda aka ƙare, na san dai ba za ki rage ba.

Ɗanki

Daga gida

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai gajiyar biki. Gwiwa ta kumbura don na tsaya da yawa, ban kuma yi nadama ba. 'Yarka ta kama ƙafar kujera ta miƙe. Takardarka ta zo da izinin yin aikin kwamiti ana cikin mayar wa mai kantin magani da bencinansa. Mun gode, Allah ya saka.

Ka ce in gaya maka yadda aka ƙare. Matarka ba ta ɓoye wa kafinta da mai walda komai ba. Ta je wajen kowannensu ta ce gaskiya ne, zagin da ake ba ta ba ta kaiwa, don ita awo ta zo ɗauka, mai zagi ga ƙofar maƙwabcinsa nan, ya kai da kansa. Sannan ta tuna wa kafinta cewa tsohuwarsa tana cikin waɗanda za su hau dandamalin, ta tuna wa mai walda cewa mahaifinsa ma haka. Ta roƙi kowa ya zo filin makaranta da safe ya nuna mata inda ƙafafun za su tsaya, kuma ta faɗa masa ɗayan ma zai zo. Suka zo, kowa yana kallon wani gefen sama.

Ina wurin da yarinya a baya. Ta ba kafinta bakin igiya ya riƙe, ta ja ɗaya bakin har inda mai walda yake tsaye, tana dube-duben inda za ta kafa turke. Nan na ga abin da take nema. Na ƙwala mata kira na ce ta zo ta karɓi yarinyar nan, bayana ya gaji, kuma da gaske ya gaji. Ta danƙa wa mai walda bakin igiyar ta taho.

Suka tsaya, dattawa biyu, igiyar shanyata a tsakaninsu, ba wanda yake so a ce shi ya fara saki. Mu kuma muka shagala da gyara goyo, ba mu yi sauri ba. Can sai na ji mai walda ya ce, “Ja kaɗan, ta yi sako-sako.” Kafinta ya ce ai ya ja, wanda ya tsaya a karkace ne bai sani ba. Mai walda ya ce da mai magana ya iya santimita da ba a kai ga igiyar wanki ba. Suna wannan suna kafa turaku. Washegari aka ga injin walda a filin, kafinta yana kakkaɓe garin katako nesa da tartsatsi, mai walda yana ce masa ya ƙara matsawa da shi, ba ya son a sake yi masa sharri. Yanzu baki da baki suke zagin juna, kuma a wurina wannan ci gaba ne.

Ranar biki dandamali bai ko motsa ba. Na hau da sandata, na buga ƙafa da gangan. Yaran makaranta sun yi maci, lasifika ta yi gardama sau ɗaya ta dawo hanya. Tsohon hedimasta ya yi jawabi mai tsawo, ya ba da tarihin rijiyar farko, ya gode wa manyan baƙi, ya gode wa wanda ya zaɓi launin fenti, ya rufe taro da kyau kamar yadda ya saba. Bai ambace ta ba. Ba da mugunta ba, ta fita daga kansa ne, don tana bayan dandamali tana raba wa tsofaffi ruwa. Na riga na kama sandata zan miƙe, sai tsohuwar kafinta ta riga ni. Ka san kunnenta ya yi nauyi, ba ta san ƙarfin muryarta ba. Ta ce, “To ina yarinyar nan mai igiya? Ita ba za a gode mata ba?” Filin duka ya ji. Kafinta da mai walda suka zagaya baya tare suka fito da ita, tana noƙewa da butar ruwa a hannu, mutane suka miƙe tsaye. Wata baƙuwa da ke kusa da ni ta tambaye ni ko surukata ce. Na ce mata 'yata ce, ɗana ne dai ya yi sa'a.

Igiyar ba ta dawo shanya ba. Kafinta ya ce a shagonsa za a rataye ta, mai walda ya ce a nasa, suna nan suna yi. Ka sayo mini wata in za ka zo, mai kauri.

Ka koyi darasi daga wannan. Sakarci ne mutum ya ji an yi shafi biyu ana maganar matarsa, bai tambayi kowa ba ya hau hukunci.

Na ba ta takardar nan ta duba kafin in rufe, don na ga kai sai an tsince maka magana. Ta ce komai ya yi, sai dai in cire wurin sakarcin, in sa cewa mun yi kewarka ranar bikin. Na ce mata ba na rubuta abin da ba haka yake ba. Ta ce, “Inna, ba haka yake ba?” Na duba, na ga haka yake.

To, mun yi kewarka. Sakarcin kuma na bar shi inda yake.

Mahaifiyarka